Alhakin Labari: Na Mai Kawowa Ko Na Mai Yanke Hukunci?

A manyan jami'o'in duniya masana kan zauna jerin laccoci a kan abubuwa uku: labari, hanyoyin da yake bi, da yadda ake yanke shawara da shi. Tun 1948 wani masani ɗan Amurka, Claude Shannon, ya nuna yadda za a auna saƙo da lissafi, ya isa inda aka aika shi ba tare da ya gurɓata ba. Amma lissafinsa bai shafi ko saƙon gaskiya ne ko ƙarya ba. To, a nan tambayarmu take: idan aka yanke hukunci bisa labarin ƙarya, wa ke da alhaki?

Mu duba ƙasar Daura. Tarihin baka ya ce da aka wayi gari an kashe macijiyar rijiyar Kusugu, mutane da dama suka zo gaban Daurama kowa na cewa shi ne. Ba ta gamsu da yawan baki ba, sai da Bayajidda ya fito da kan macijiyar. Gani ya kori ji. Darasin kuwa shi ne, mai mulki ba ya fakewa da "haka aka gaya mini", domin neman shaida aikinsa ne.

Tsarin sarautar da M. G. Smith ya yi nazari a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura, shi ma hanya ce ta labari. A masarautar, magana kan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ta isa fada, umarni kuma ya biyo sawu ya sauko, ko zuwa Ɓaure ko Zango ko Mai'aduwa. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. Bafade kan shafa wa labari zuma don kada ran Sarki ya ɓaci, talaka kuma ya kwana da kukansa. Sai dai kowane mai ɗauke da magana yana da suna da gida. In ya yi ƙarya, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, tafiyar kwana ta koma ta ƙiftawar ido. Amma a 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya sa jama'a wanka da ruwan gishiri da shansa, har wasu suka rasa rayukansu. Wa za a tuhuma? Kowa cewa yake turo masa aka yi.

A ganinmu, alhakin ba ya ɓacewa don ya ratsa hannu dubu. Mai kawowa na da kasonsa, mai miƙawa gaba na da nasa, mai hukunci kuwa nasa ya fi nauyi, tunda a hannunsa magana ke zama aiki.

'Yan'uwa marubuta, mu ma muna cikin wannan sarƙa, kuma abin da muka buga yakan daɗe bayan ranmu. Kafin mu ɗora alƙalami kan wata magana, mu tambayi wanda ya kawo mana ita: ina kan macijiyar? Allah Ya sa mu dace.