Abin lura a tukunyar maɗin ɗinya

Ɗinya ba ta jiran kowa. Da zarar ta nuna ta yi baƙi ƙirin a ƙarshen damina, sai ta zubo gaba ɗaya, yara su sha su ƙoshi, awaki su ci, saura ta ruɓe a gindin bishiya. Iyayenmu mata na ƙasar Ruma da Runka ba su yarda da wannan asara ba, shi ya sa suke dafa maɗi.

Aikin na masu haƙuri ne. Za a tsince nunannu a wanke, a jiƙa, a murtsuke da hannu har tsokar ta rabu da ƙwallo, sannan a tace a ɗora. Daga nan sai zaman gaban murhu. Ana iza wuta a hankali, ana kwashe kumfa, ana juyawa kada ya kama. Wuta ta yi yawa, ya ƙone ya yi ɗaci. A yi gaggawar saukewa da sauran ruwa a jikinsa, ba zai jima ba ya yi tsami. Gwana takan ɗiga kaɗan a yatsa ta ja. In ya yi danƙo, ya isa. In alewa ake so, sai a ƙara masa wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tukunya cike fal take komawa ɗan kaɗan a gindi. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi hasara. Alhali wannan kaɗan ɗin ne ke kaiwa rani, a zuba a kunu, a dama da ruwa a ba baƙo, lokacin da ko ƙwaya ɗaya babu a bishiya. Haka kuɗin kaka yake. Manomin da ya sayar da rogo a kasuwar Batsari ya ga aljihu ya cika, in bai daure ya mayar da wani abu tunkiya ko taki ba, kafin bazara zai nemi kuɗin ya rasa.

Yau maɗin kansa yana neman gagara. Ɗinya da kanya da tsada suna nan a dajin Rugu, amma rashin tsaro ya hana mata da yara shiga tsinta. Kanya ta nuna, biri ya karye. Bishiyoyin da suka rage kusa da gari kuwa, gatarin masu itace da gawayi ne ke binsu ɗaya bayan ɗaya, ga shi ɗinya takan daɗe kafin ta fara 'ya'ya. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ana dafa maɗi ba, ina za ta koya?

Mai ɗinya a gonarsa, don Allah ya bar ta a tsaye. Wadda kuma ta iya maɗi, bana ta zaunar da 'ya'yanta da jikokinta a gaban murhu su gani.