Amanar da ke Cikin Kwamfuta: Nasiha kan Rubutu da Shirin Ko-ta-kwana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanar da ɗan Adam amfani da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa mazauna Jidda, a cikinmu akwai matasa da dama da Allah ya hore wa aikin kula da kwamfutoci a kamfanoni, asibitoci, makarantu da ofisoshin jigilar alhazai. Akwai kuma waɗanda ba sana'arsu ba ce, amma su ke riƙe da rajistar 'yan ƙungiya, da lissafin asusun taimakon marasa lafiya da na jana'iza, da kalmomin sirri na imel da shafukan jama'a. Wannan nasiha ta shafe su gaba ɗaya. Abin da ke cikin waɗannan na'urori haƙƙin mutane ne: albashin wani, sakamakon gwajin jinin wata, gudunmawar da marayu ke jira. Duk wanda ya bar sanin yadda ake tafiyar da su a cikin kansa shi kaɗai, ya rataya haƙƙin jama'a a kan ransa da lafiyarsa, alhali babu ɗaya daga cikin biyun da ke hannunsa.

Mutanen wannan gari ba sa bukatar a je nesa a nemo musu misali. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, alhazai suna kan hanyar Mina, ruwan da ya fi na shekara guda ya sauka a Jidda cikin 'yan sa'o'i. Fiye da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Unguwar Ƙuwaiza da kewayenta suka ga tashin hankali, ruwa ya shiga Jami'ar Sarki Abdul'aziz ya lalata ɗakunan bincike da na'urori masu tsada. Ambaliyar ta sake dawowa a Janairu 2011, sannan a ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka auna ruwan da ya kai kusan milimita 179 cikin sa'o'i shida. Na'urar da ruwa ya ci ana iya sayen wata. Bayanan da ke cikinta kuwa, in ba su da kwafi a wani wuri, sun tafi ke nan.

Ba ta ruwa kaɗai jarrabawa ke zuwa ba. Ranar 15 ga Agusta 2012, cikin goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da ma'aikata da yawa suka tafi hutu, wata muguwar manhaja da ake kira Shamoon ta goge abin da ke cikin kwamfutoci kimanin 30,000 na kamfanin Aramco. Ma'aikatan ofis suka koma ga takarda da na'urar faks. Haƙar mai ba ta tsaya ba, domin na'urorin da ke sarrafa ta an ware su daga na ofisoshi tun da farko. Idan irin wannan ta sami kamfani mai wannan girma, to ƙaramin ofis ya shafa wa gemunsa ruwa.

Wani zai ce ai komai muƙaddari ne. Haƙiƙa haka ne, kuma imani da ƙaddara rukuni ne. Sai dai magabata ba su taɓa fahimtar tawakkali da ma'anar sakaci ba. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. A tafiyar Hijira, shi da ya fi kowa yaƙini, an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ a matsayin ɗan jagora, Asma'u 'yar Abubakar ta shirya guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana bi da tumaki suna shafe sawu, aka yi kwana uku a kogon Sauru kafin a kama hanya. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, an tara hatsi shekara bakwai saboda shekara bakwai na fari, kuma ya nuna yadda za a adana shi, wato a bar shi a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Ajiya ma tana da nata ilimin.

Game da rubutu kuwa, ya ishe mu lura cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta yarjejeniya, ƙarama ce ko babba, a kafa shaidu, kuma marubuci ya yi adalci. Bayan yaƙin Yamama, da aka rasa mahaddata masu yawa, Sayyidina Umar ya ji tsoron kada abin da ke cikin ƙiraza ya tafi tare da masu shi, ya ba Halifa Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya. Zaidu ɗan Sabit ya ɗauki aikin, bai wadatu da haddarsa ba, sai da ya bi rubuce-rubuce yana tabbatarwa. Takardun suka zauna wajen Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa. A zamanin Sayyidina Usman aka kwafe su aka aika manyan garuruwa kamar Kufa, Basra da Sham. Allah ya riga ya yi alkawarin tsare Littafinsa, amma sahabbai ba su naɗe hannu ba. Ta hanyar ƙoƙarinsu alkawarin ya tabbata. To, ina ga bayanan ofis da ba a yi musu wani alkawari ba?

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai kula da na'urori, ga abin da amana ke nema daga gare ka.

Na farko, ka rubuta tsarin aikinka: wace kwamfuta ke yin me, ina take, wa ke da izinin shiga, yaushe lasisin manhaja da rajistar sunan shafi za su ƙare, wa za a kira idan intanet ta yanke. Ka rubuta yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai karanta ya gane. Duk canjin da ka yi, ka sa kwanan wata da dalili.

Na biyu, masana wannan fanni suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini ko wani gari. A ƙara da kwafi ɗaya da ba ya haɗe da intanet, domin muguwar manhaja tana bin duk abin da ke jone. Kuma a garin da ya san ambaliya, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba wurin ajiye babbar kwamfuta ba ne.

Na uku, ka riƙa gwada kwafin. Mutane da yawa sai ranar musiba suke gane cewa ajiyar ta daina aiki tun watanni da suka wuce. Ka sa rana a kowane wata uku ka dawo da bayanai daga kwafin ka ga ko suna buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu ya shafe mu a matsayinmu na baƙi. A ƙasar nan layin waya yana rataye da iƙama. Ranar da mutum ya yi hurujin ƙarshe, ko aka sauya masa wurin aiki, ko ajali ya riske shi, lambar da ake turo saƙon tabbatarwa a kanta tana iya tafiya tare da shi, sai ƙungiya ta wayi gari ba ta iya shiga imel ɗinta ko shafinta. Kada a bar asusun jama'a a kan layin mutum ɗaya. A sa amintattu biyu ko uku, a adana kalmomin sirri da lambobin ceto a cikin ambulan da aka liƙe, a ajiye shi wurin da shugabanni suka sani. Tsare sirrin mutane ma amana ce, don haka a taƙaita masu shiga ga waɗanda aikin ya shafa.

Akwai kuma wata cuta ta zuci da ya kamata a ambata. Wani yana ƙin rubuta abin da ya sani da gangan, don kada a iya aiki ba tare da shi ba. Yana ganin hakan ne zai tsare masa kujerarsa. Ya sani cewa arziki a hannun Allah yake, kuma albashin da yake karɓa ya haɗa da haƙƙin a sami aikin a tsare ko yana nan ko ba ya nan. Shari'a ta kwaɗaitar da Musulmi kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, in yana da abin da zai yi wasiyya a kansa. Takardar miƙa aiki 'yar'uwar wasiyya ce, kuma wanda ya bar ta a tsare zai ci gaba da samun ladan sauƙin da ya bar wa na bayansa.

Idan ka yi duk wannan, kada ka dogara da shi. Dogaro ga Allah ne kaɗai, domin ana iya yin shiri ya ƙi, kuma a nan ne haƙuri da yarda da hukuncinsa suke da gurbi. Amma wanda ya yi iya ƙoƙarinsa zai tsaya gaban mutane da gaban Ubangijinsa da hujja.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare Jidda da mutanenta daga ambaliya da kowace irin musiba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. Amin.