Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Ƴan'uwa, ga tambaya: wa ya fi kusa da haɗari, wanda bai iya moto ba, ko wanda ya fara iyawa?

Ranar da yaro ya fara hawa, jikinshi rawa yake yi. Yana tafiya sannu, yana duba ko'ina. Tsoro ne ke tsaronshi. Bayan wata guda, ya je kasuwa ya komo sau goma bai faɗi ba. Sai tsoro ya tafi, alhali gwaninta ba ta iso ba. A wannan tsakani ne yara da yawa ke karyewa.

Miƙaƙƙiyar hanya tana ruɗin mutum. Ku dubi godoron da ya taso daga Yamai, ya bi Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Inda ya miƙe, kowa gwani ne. Kwana ce ke tona asiri.

Ga dalili. Cikin kwana, moto yana son wucewa gaba, kai kuma kana son karkata. Taya ce ke raba wannan gardama, kuma abin da ke taɓa ƙasa a jikinta bai wuce tafin hannu ba. In ka bar gudun kilomita 30 ka koma 60, ƙarfin da ke jan ka gefen hanya ya ninka sau 4, ba sau 2 ba. In iska ta watsa rairayi bisa godoro, taya ba ta da abin kamawa. In ka damƙe birkin gaba kana karkace, sai ƙasa.

Kuma ba ka san abin da ke bayan kwana ba. Ko amalanken jaki ne, ko garken awaki, ko yarinya da tallar fura. Mai shiga da gudu yana caca ne da ran da ba nashi ba.

Wani zai ce: "Tsautsayi ba ya wuce ranarshi." To, manomi ya san damina ba a hannunshi take ba, amma bai fasa noma ba. Abin da ke hannunka, kai za a tambaya. Sakaci daban, tsautsayi daban.

Me ke hannunka? Rage gudu tun kafin kwana, ba cikinta ba. Tsaya hannunka na dama, kada ka yanke hanya. Ɗaga kai ka dubi inda kake son zuwa, don moto ido yake bi. Sai hanya ta buɗe za ka ƙara wuta. Sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta.

Samari na yi wa mai rage gudu dariya, suna cewa matsoraci ne. Bar su. Gwani shi ne wanda ya san iyakar saninshi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma iyali na jiran ka gida.