Ladan Sama Da Ladan Ƙasa

A bakinmu kalmar nan "lada" abu biyu ta ke nufi: abin da Allah ya ke tanada wa bayinsa, da abin da a ke ba mai-aiki sa'anda ya gama. Sau da yawa a kan fake da na fari domin a hana na biyu.

Ƙungiyoyin taimako na ƙetare ba baƙi ba ne a ƙasar Kano. Mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Daga baya UNICEF da Rotary da waɗansu suka tsaya ga yaƙi da shan-inna, har a 2020 aka shaida an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Amma su wa suka bi ƙauyukan Gwarzo da Kabo gida gida cikin rana? 'Ya'yan ƙasa ne: masu ɗiga magani, da direbobi, da masu-unguwa da ke yi musu jagora. A Fabrairu 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Aikin da ya ke iya cin ran mutum ba a sallamarsa da ɗan na goro.

A ƙungiyoyi da yawa ma'auni biyu ne. Wanda aka kawo daga Turai ko Amurka ana biyansa da dala, har da kuɗin gida. Ɗan ƙasa kuwa da naira, wadda ƙarfinta ya ragu ƙwarai tun 2023. Ba hassada mu ke yi wa baƙo ba, gama ya bar danginsa ya zo. Amma Kubawar Shari'a 25 ta hana ajiye mudu biyu a gida ɗaya, sura 24 kuwa ta umurta a biya matalauci hakkinsa a ranar, ko ɗan'uwa ne ko baƙo. Yaƙub 5:4 kuma ya nuna kukan magirba da aka danne ya kai kunnen Ubangiji.

Maganar nan ta iso ƙofarmu. Tun da aka kafa ECWA a 1954 Ekklesiya ma ta zama uwargijiyar ma'aikata. A 2024 gwamnati ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Dattawa, ku buɗe littafin kuɗi a wannan wata. Nawa mai-bishara na ƙauye ya ke karɓa? Ran nawa ga wata ya ke samu? In ɗansa ya kwanta ciwo, wa ke biya?

Ku ma'aikata kuma, ku riƙe amana. Ƙarancin albashi ba ya halatta ƙarya a takardar lissafi.

Ladan sama a hannun Allah ya ke, ba ya makara. Na ƙasa shi ya sa a hannunmu. Ubangiji ya ba mu tsoronsa mu biya shi a kan kari. Amin.