Jibba Mai Faci a Kan Teburin Wasa

Tsayinsa milimita 28, bai kai ɗan yatsa ba. Na roba ne ko na ƙarfe, kuma babu launi a jikinsa sai wanda muka ba shi. Mu da muke wuni gaban kwamfuta muna rubuta manhaja, da dare mukan ɗauki buroshi mai bakin allura mu shafa masa fenti, mu tsarma wani mai duhu ya kwanta a lungunan tufafinsa ya zama inuwa, mu liƙa yashi a gindinsa. Idan runduna ta cika sai a jera ta a tebur, a jefa ɗan ludo, a yi yaƙi.

Ga wanda ke fentin dodannin Warhammer, wasan da aka fitar a Ingila a 1983, babu wata damuwa, don dodo bai bar marayu ba. Amma akwai kamfanonin da ke ƙera mayaƙan Mahadi na Sudan da sojojin Kitchener, har a sake buga yaƙin Umdurman na 2 ga Satumba 1898. A safiyar nan bindigogin Maxim da igwa sun kashe Ansar wajen dubu goma, ɓangaren Turawa da Misirawa kuwa ba su rasa mutum hamsin ba. Ya halatta mu mai da wannan abin nishaɗin daren Asabar?

H. G. Wells, wanda ya wallafa dokokin wasan sojojin dalma a 1913, yana ganin mai buga ƙaramin yaƙi zai gane wautar babba. Shekara ɗaya bayan nan Turai ta kama da wuta. Hujjarsa ba ta ishe mu ba.

Inda muka fi ganin laifin shi ne rabon lokaci. Hafsan Bature guda ana iya ɓata masa dare biyu, a fitar da gashin bakinsa, a ba shi suna. Ansar kuwa, da yake wasan na buƙatarsu da yawa, jera su ake yi ashirin-ashirin: fari ga kowa, launin ƙasa ga kowa, a wuce. A takardar dokoki ma haka, tari ne da ake kwashewa da hannu idan ɗan ludo ya faɗi. Sana'armu ta koya mana cewa duk tsarin da aka gina, wani ne ya zauna ya zaɓi abin da za a ƙirga da abin da za a zubar. Nan ma wani ya zaɓa, mu kuma muka bi.

Sai dai buroshin kan yi gardama. Wanda ya zauna zai zana facin da ke jikin jibbar mayaƙin Mahadi, ja nan, shuɗi can, dole ya tambayi dalilinsa. Sai ya tarar asalinsa alamar gudun duniya ce, tufar wanda ya zaɓi talauci da gangan, kafin daga baya facin ya zama ado mai tsari. Daga nan da wuya ya ƙara kallonsa a matsayin lamba.

Mu ba mu daina wasan ba, kuma ba za mu ce hannunmu wanke yake ba. Abin da muka sauya kaɗan ne: mun daina jera su. Ɗaya-ɗaya muke yi, kowa da facinsa, shi ya sa rundunar da muka fara bara har yau ba ta kai mutum talatin ba.