Jinya Daga Kan Tebur

Karatun yau: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima kan rabon abinci. Kullum ana rabo, amma ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci. Manzanni suka ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su lura da aikin. Jama'a suka zaɓa, cikinsu har da Istifanus da Filibus, manzannin kuma suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu. Lura da rabo don kada a bar kowa a baya hidima ce da ta cancanci keɓewa.

'Yar'uwa, ke da kika bar ɗakin marasa lafiya kika koma ofishin tabbatar da bin ƙa'ida, ƙila zuciyarki na tambaya ko kin bar kiranki ne. A da hannunki ke ɗaura ƙarin ruwa, ke juya majinyaci a gado, mai jinya ya ce miki Allah ya saka da alheri. Yanzu sai rajista da fayil, da abokan aiki masu ɗaure fuska in sun hango ki.

Ki tuna da Florence Nightingale. A 1854 ta isa asibitin soja na Scutari a Turkiyya da nas-nas 38. Da ta koma Ingila a 1856, ta duƙufa kan lissafin mace-mace, ta nuna cewa kwalara da taifod da atini sun kashe sojoji fiye da raunin yaƙi. Alƙalumanta suka sa aka gyara tsaftar barikoki da asibitocin soja, kuma yawancin waɗanda suka rayu ta dalilin gyaran ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Haka naki aikin yake. Maganin da kika sauke daga kanta don wa'adinsa ya ƙare, wani yaro ne da zai sha shi. Katin da kika hana a bari a buɗe, asirin wata uwa ne kika rufe. Kin san abin da aikin dare ke yi wa ido, kin san yadda nas ɗaya ke raba kanta tsakanin gadaje da yawa, don haka kin fi kowa sanin inda kuskure ke shigowa. Ki yi gyara da wannan tausayin, ba tare da wulaƙanta kowa ba. Kada kuma ki sa hannu a kan abin da ba ki gani ba, ko da babba ne ya miƙo miki biro.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba ni gaskiya a rubutu, da taushin harshe wajen gyara. Ka tuna mini cewa kowane fayil rai ne da kake ƙauna. Ka ƙarfafa waɗanda ke tsaye a bakin gado a safiyar nan. A cikin sunan Yesu, amin.