Mai Bi da Neman Magani

Ya kai sabon mai bi, watakila kana tambaya a ranka: tun da na bi Yesu Almasihu, ina zan kai ciwona? To, ga amsa.

Tun zamanin kakanni ba a raba magani da addini ba a ƙasarmu. Mai saiwa yakan haɗa da laya, 'yan bori kuwa sukan ce iska ce ta taɓa mutum. Masu bishara ma ba da wa'azi kaɗai suka zo ba. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. Gama Ubangijinmu ya warkar da jiki, ya kuma gafarta zunubi. Luka ma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne.

Saboda haka kadan ɗanka ya karye, ba laifi ka kai shi wurin maɗoran Aliero, gama daga Allah sani yake fitowa. Amma kadan ƙashi ya huda fata, ko wurin ya yi baƙi, maza sai asibiti. Kada ka ɗaura laya, kada ka yi yanka domin iskoki. Kada kuwa ka sayi ƙwaya a kasuwar Jega ko ta Maiyama ba da faɗin likita ba. Ka tafasa ruwan sha, ka haƙa masai, ka kwantar da yara cikin gidan sauro, gama jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne.

Ka yi addu'a, ka sha magani, ka gode wa Allah Mai warkarwa. Amin.